Hotuna Huɗu na Mace Ɗaya

Ta zagaye ƙwayoyin halittar da suka lalace da jan layi, ta rubuta matakin da suka kai, ta wuce hoto na gaba. Aikinta ke nan wata takwas: koya wa kwamfuta gane sankarar bakin mahaifa daga hoton samfurin da ake shafawa a kan gilashi. Idon Mikiya suke ce mata a ɗakin gwaji, don shekara ashirin tana duƙe a kan madubin duba ƙwayoyin halitta ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

Likita ce ta kawo aikin, ita ce kuma ta zaɓe ta. Aminai ne tun suna aji ɗaya, 'yar Likita ta fari ma Umma take kiran ta. Likita takan ce ranar da kwamfutar nan ta ƙware, mace ba za ta ƙara jiran wata biyu kafin ta ji sakamako ba. Ko gwajin shekara-shekara na ma'aikata mata ba ta bar wa kowa, da hannunta take ɗaukar samfurin, ta duba, ta leƙo da fara'a ta ce kowa lafiya lau.

Hotunan ba su da suna, lamba kawai. Haka doka ta ce. Ta gyara matashin da take jingina bayanta da shi tun bara, ta danna.

Kwamfutar ta jero hotuna huɗu masu lamba ɗaya, tsakanin kowane biyu shekara guda. A na farko ƙwayoyin sun ɗan fara sauya kama. A na biyu sun kai inda aikin minti ashirin a ɗakin jinya zai kashe maganar. Na uku ya sa ta cire tabarau ta goge. Na huɗu na watan jiya ne, kuma kwamfutar ta yi masa jan tambari: sankara.

Ta duba shafin magani. Wayam.

Ta tarar da Likita a ofis tana shirya takardun da za ta gabatar a babban taron masana. Ta ajiye mata hotunan a gabanta. Likita ba ta ɗago ba. Ta ce samun irin wannan jeri sai an tona, don kwamfuta ba ta koyon yadda cuta ke tafiya sai ta ga tafiyar a jiki ɗaya. Ta ƙara da cewa wataƙila matar ce ba ta dawo ba.

“Ta dawo mana. Sau huɗu tana kawo kanta.”

“Ƙawata, bar mini wannan. Da na dawo daga taro zan kira ta da kaina. Zauna mana, kin tsaya da wannan bayan naki.”

Ba ta zauna ba. Ta fito baranda. Ashe ana zaman shekara talatin da mutum ba a san cikinsa ba. Wata baiwar Allah tana can tana wanke wa yaranta kayan makaranta, an mai da jikinta allon koyar da na'ura. Ta ƙudurta yau sai ta nemo ta, ko da aikinta zai tafi.

Ta je wurin tsohon da ke ajiye fayil ta nemi sunan mai lambar, ya ce doka ta hana. Ta ce masa kawu, rai ne. Sai ya miƙa hannu ya karɓi lambar. Ya bi rajistar marasa lafiya daga farko har ƙarshe bai same ta ba. Can ya tuna cewa lambar da ta fara da sifili ta 'yan gida ce, wato ma'aikata, ya zaro wani siririn littafi daga ƙasan durowa.

Nas mai tagwaye? Ko matar da ke share ɗakin gwaji? Tana bin layi da yatsa tana shirya kalmomin da za ta faɗa mata, masu taushi, waɗanda ba za su kayar da ita ba.

Yatsan ya tsaya a kan sunanta, nata na kanta, a gefensa kuma, da rubutun da ta sani tun suna aji ɗaya: “Kada a sanar da ita tukuna.”