Gyaran Hannun Hadi

Shekara shida Koci Abdulmuttalib ya yi yana faɗa da tsayuwar ɗalibinsa Hadi a wasan golf.

Kawun yaron, mai yankan ciyawa a filin golf a Kano, shi ya ɗauko shi daga wani ƙauye a bayan Ajingi. Ranar da aka fara ba shi sanda, kocin ya dafe kai. Yaro ya tsaya ƙafafu a sandare, gwiwa ba ta lanƙwasa, ya riƙe sanda kamar zai shiga noma. Amma da ya buga, ƙwallo ta tafi saiti kamar an aike ta.

Da wannan mummunar tsayuwa Hadi ya cinye gasar yara sau biyu, ya cinye ta matasa. Kocin bai ji daɗi ba. Shi da ya yi kwas na wata uku a ƙasar waje, takardar shaidar na rataye a ofishinsa, a ce ɗalibinsa ne wannan?

"A gaban ƙwararru ba za ka tsaya haka ka kunyata ni ba," ya ce masa.

Ya duƙufa, ya gyara shi tsaf. Yana shekara goma sha tara, Hadi ya zama kamar hoton cikin littafi: gwiwa a lanƙwashe, kafaɗa na juyawa. Daga nan ne kuma ya fara faɗuwa. Gasa uku a jere ko cikin goman farko bai shiga ba.

Saura mako uku gasar tantance ƙwararru, mahaifinsa ya aiko cewa in ya faɗi wannan, ya tattaro ya dawo gona. Hadi ya sami kocin a ofis.

"Koci, zan je gida a gyara min hannu."

"Wa zai gyara?"

"Can inda na koya."

Maganar ta tsaya wa Abdulmuttalib a rai. Ashe akwai wani kafin shi? Ya yi ta cigiya ko akwai tsohon soja ko tsohon jakada da ya yi ritaya a yankin Ajingi. Ba wanda ya sani.

Hadi ya dawo da tsohuwar tsayuwarsa, har ta fi ta da muni. Kwana huɗu ana fafatawa, ya zo na biyu, ya karɓi katinsa na ƙwararre. 'Yan jarida suka tare kocin suna tambayar asalin wannan salo. Ya gyara hula ya ce sirrin sana'a ne.

Amma ya kasa sukuni. Ya matsa wa Hadi sai ya kai shi wurin wanda ya gyara masa hannun. Ya saka babbar riga, ya sayi turare mai tsada, hanya duk yana bitar Turancin da zai yi wa mutumin. Suka sauka daga bas a Ajingi, suka hau babur.

A ƙofar gida aka shimfiɗa masa tabarma. Dada Hansai, kakar Hadi, tana jingine da katanga tana gadin shanyar gyaɗa. A tsaye ta amsa gaisuwarsa, don ciwon ƙafa ya daɗe da hana ta tsuguno. Kocin bai ko kalle ta sosai ba, idonsa na kan zaure.

"To, je ka yi min iso," ya ce wa Hadi.

Hadi bai motsa ba.

Can nesa, a ƙarshen fili, wata akuya ta zura baki a gyaɗa. Tsohuwa ba ta taka ko ina ba. Ta jawo wata ƙotar fartanya, ta yar da ƙodagon goruba a gabanta, ta tsaya ƙafafu a sandare, ta buga shi. Ƙas! Akuya ta yi kuka ta arce.

Sannan ta juyo ta ƙare wa mai babbar riga kallo.

"Hadi, wannan ne mutumin da ya ɓata min hannunka?"