Ba Ta Kwalta Ba Ce

Auta ba ta tsaya sallama ba. Ta ture ƙofar gidan yayanta da kafaɗa, takalma a hannu, taɓo har gwiwa. Ƙaramar motarta na waje, da ƙyar wasu manoma suka turo ta daga inda ta kafe.

Abin da ya kawo ta ba mai tsawo ba ne. Ummansu ta zame a bakin rijiya can gidan gona, ƙugunta ya goce, tun hantsi take kwance tana nishi. Ruwan kwana uku ya cinye hanyar. Motar asibitin da Auta ke aikin jinya ta je rabi ta juyo. A duk dangi mota ɗaya ce za ta iya ratsa wannan caɓin, ga ta can a tsakar gida ƙarƙashin rumfa.

Jif ce baƙa, tayoyinta sun kai ƙugun mutum, fitilu huɗu a ka, ga shebur ɗaure a gefe. Shekara biyu ke nan dangi ba su da sakat da labarinta. Duk wanda ya shigo gidan sai an zagaya da shi ya ga taɓon jikinta, sannan a ciro waya a nuna masa hotuna: Yaya ya jingina da ƙofa, Yaya a kan rufi, Yaya ya riƙe sitiyari ya ɗaure fuska. Ko da rani taɓon ɗanye ne, wai ya san wasu fadamu da ba kowa ya sani ba. In ana taron dangi kuwa, a ƙaramar motar matarsa yake zuwa.

"Waccan ba ta kwalta ba ce," haka yake cewa kullum. "Ni ba don a gani na saye ta ba. Don jin daɗina ne, daga ni sai daji."

Auta ta daɗe tana jin haushin wannan fariya, amma ta haɗiye, tunda babba ne.

Ya fito daga ɗaki da kofin shayi a hannu. Ta faɗa masa komai a numfashi ɗaya. Ya ajiye kofin, ya yi salati, ya tambaya ko an ba Umma maganin zafi. Makullin motar na rataye a ƙusa kusa da kansa, ko kallonsa bai yi ba.

"Yaya, tashi mu tafi."

"Bari in kira wani abokina, yana da irinta."

"Ga taka a gabanka?"

"Ba a yi mata sabis ba. Ke ba ki san halin motocin nan ba."

Ya shiga kiraye-kiraye. Na farko ba ya gari, na biyu bai ɗauka ba, na uku ya ce tasa tana gareji. Matarsa na tsaye a ƙofar kicin, ta kafa wa ƙasa ido tana murza gefen zaninta.

Auta ta kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ta zagaya motar, saura kaɗan ta faɗa wani rami da aka haƙa a gindin furannin bayan rumfa. Taɓon jikin ƙofa yana ɗan warin taki. Ta juyo ta harari yayanta. Wato tsoron ƙarzar fenti yake yi. Matar da ta goya shi ta ratsa wannan hanyar a ƙafa, lokacin da ƙyanda ta kusa kai shi, yau ba ta kai darajar fenti ba. Kallonsa ma ƙyama yake ba ta.

Wayarta ta yi ƙara. Maƙwabciyar Umma ce. Ta ce jikin ya fara sanyi, magana ta fara sarƙewa, amma tsohuwar sai faɗa take a kwantar da hankali, babban ɗanta na tafe da motar daji.

Auta ta fizgi makullin daga ƙusa. Ya biyo ta yana "Ke, ke, tsaya ki ji," ta riga ta haye ciki. Kujerar na warin rima, yanar gizo ta manne mata a hannu da ta kama giya. Ta murɗa makulli. Ko tari motar ba ta yi ba, ko fitila ɗaya ba ta kama ba.

"Batir ne," ya ce da sauri, har da ajiyar zuciya. "Ai na gaya miki. Sai gobe in makanike ya zo."

"Ina da wayar jona batir a motata."

Ta ja mabuɗin bonet, ta diro. Kafin ta isa gaban motar ya riga ta, ya danne murfin da tafukansa biyu. Gumi na bin wuyansa. Maƙwabta biyu sun riga sun leƙo ta ƙofar da ta bari a buɗe.

"Auta, don girman Allah. Ba a gaban mutane ba."

"Umma na can tana jiran ka, kai kana jin kunyar mutane? Tir!"

Sai a lokacin matarsa ta ɗago kai. Muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, "Bar ta ta buɗe. Ni ma na gaji da neman tsintsiyata."

Hannuwansa suka sulale. Auta ta ɗaga bonet ɗin, ta hango simintin tsakar gida tas ta ƙasa. A inda ya kamata inji ya zauna, katako aka gitta, a kansa bokitin taɓo da tsintsiyar da ake yayyafa shi.