Hasumiyar da Ottavia Ta Ƙi Hawa

A gindin doguwar hasumiyar birnin Bologna na Italiya Ottavia ta ja ta tsaya, ta zare hannunta daga na Tancredi. Kambin ganyen da aka ɗora masa ɗazu, da ya kammala digirin digirgir, ya karkace a kansa. Gobe zai wuce Palermo, inda ya sami aikin koyarwa.

"Mu hau mana," in ji shi. "Akwai maganar da sai a sama zan faɗa."

Ta lura da yadda yake ta shafa aljihun kwat ɗinsa, ta gane zoben neman aure ne a ciki. Amma kowa a garin nan ya san ɗalibin da ya hau kafin ya gama karatu, shi da gamawa har abada. Ita kuwa ta sha fama da wani daɗaɗɗen littafin waƙoƙi, rubutun hannu a kan fata, saura babi guda ta kammala kundin digirinta a kansa.

"Haba Ottavia! Ke da ba kya yarda da baiti sai kin gan shi a kwafi biyu, yau camfi kike bi?"

"Kai ka taɓa hawa?"

Ya sosa ƙeya.

Sai ta yi ɗage ta tsinki ganye ɗaya daga kambin, yadda ɗalibai masu jiran tasu ranar ke yi don neman sa'a, ta damƙe a tafinta.

"Bar shi a aljihu. Ka dawo ranar da na gama. Amsarka na can sama, ba inda za ta."