Layin Zaɓe a Torino

Tun asuba muke layin zaɓen ƙasarmu a birnin Torino, nesa da gida, ruwa na dukanmu. Maƙwabciyata Rodica ta dubi kumburarrun ƙafafuna ta ce, "Viorica, sai ka ce ke za a naɗa shugabar Romaniya!"

"Don ɗana Codrin nake yi," na ce. Yana ƙarami na bar shi wurin kakarsa, na zo jinyar tsofaffin wasu. Burina ƙasarmu ta gyaru, kada ɗana ya ɗauki jaka kamar ni.

Na kira shi a waya. "Ka fita kuwa? Zaɓenka na farko ne, kada ka yi min lalaci."

"Ina layi, Mama. Ko motsi ba ya yi."

Na yi dariya. "Layi? A ƙauyenmu? Wa ya rage, in ba tsofaffi da karnuka ba?"

A bayansa na ji wani yana daka wa mutane tsawa da Jamusanci.

"Ni ma na bar ƙasar, Mama," ya ce. "Kaka ce ta ce kada a gaya miki."

Layinmu ya matsa gaba. Sai da Rodica ta tura ni.