Yatsan Inna

"Sai an yanke yatsan," in ji likitan da ke duba Inna. "Ciwon suga ya ci ƙafar."

Dakta Rilwanu ya dubi mahaifiyarsa a gadon asibiti a Hadejia. A kan wannan cutar ya zama farfesa a Kano.

Ya juya kan ƙanwarsa. "Ma'u, ke kike zaune da ita a Auyo. Wa yake ɗura mata lemon kwalba kullum?"

"Ƙyale ta, Dakta," in ji Inna. "Direbanka ne yake kawowa duk wata, ya ce tsarabarka ce. Ni fura ta fi min. Amma na ce ɗana masanin abinci ne, abin da ya zaɓar min ba zai cuce ni ba."

Bai taɓa tambayar direban abin da yake sayowa ba.