Motar da ke Jiran Rana

Safiya ta tara ke nan motar ta ƙi tashi. Zakiru bakanike yana kwance a ƙarƙashinta da tocila a baki, yatsunsa sun ƙage don sanyi, direba yana ciki yana murza makulli. Injin ya yi gurnani, ya yi tari, ya yi tsit.

"Ƙyale ta, ɗana," in ji direban, Baba Ashafa, daga ciki. "Bari rana ta fito."

Abin haushin kuwa, gaskiya ya faɗa. Ƙarfe shida ya kamata motar ta bar harabar kamfanin a bayan garin Madina, ta nufi Yanbu da kwalayen dabino. Tunda sanyi ya kankama, sai bakwai ta gota, hantsi ya taɓa gilashinta, sannan ta tashi da murza ɗaya kamar ba ita ba. Duk lokacin zafi, lokacin da gari ke wayewa da wuri, ko sau ɗaya ba ta yi wannan wulaƙancin ba.

Me bai yi ba? Ya sauya batir biyu. Ya ɗaure bel, ya kwance dinamo ya gwada, caji lafiya lau. Ya wanke matatar mai, ya fitar da iska daga layin dizal. Da yamma in motar ta dawo, ya bi ta waya-waya, ba ya samun komai. Abu ɗaya ya gano: da asuba wuta ba ta isa hita, abin da ke ɗumama injin kafin ya tashi. Da rana ta fito sai ta iso. Ya ce ƙila sanyi ke tsuke wata waya, ya sauya wayar. Washegari, sai ka ce bai taɓa komai ba.

Ga murzar banza tana tsotse batir, kullum sai an jona mata wani.

Ranar Talata Abdulfattah ya sauko da kansa. Shi ne mudir, wato manajan kamfanin, haifaffen Madina, Hausar kakanninsa ba ta fitowa sai ransa ya ɓaci.

"Ya Zakiru, halas, ya isa haka, na gaji. Mutanen Yanbu sun ce za su nemi wasu. Alhamis, in ba ta fita shida ba, ka tattara. Iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, ba zan sabunta ba."

Zakiru ya tuna gida. Matarsa Sa'adiya tana can garin Tawa da tsohon ciki, kuma wannan aikin ne kaɗai abin da suka dogara da shi.

Baba Ashafa ya leƙo ta taga. "Ya mudir, yaron nan ba shi da laifi. Wallahi ba shi da laifi."

Zakiru ya ji ƙwalla ta zo masa. Wannan tsohon ne ya nemo masa aikin, shi ya tare shi a filin jirgi. Shekara ashirin da shida yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takawa ba, 'ya'ya mata biyar yake ciyarwa a gida. Kullum shi ake tararwa a cikin mota, ba ya saukowa sai gari ya yi haske. Rannan da Zakiru ya miƙa masa shayi ta taga, hannun tsohon ya wuce kofin, shayin ya zube. Ya ce sanyi ne, suka yi dariya.

Laraba ma haka ta wuce. Zakiru ya zauna a kan taya yana kallon motar kamar mai zaman jinya. Ya ƙare iliminsa tas, ya rasa wanda zai tambaya.

Ranar Alhamis ana sallame sallar asuba ya fice, ko addu'a bai tsaya ba, shayi ma bai nema ba. Ya riga kowa isa harabar. Ya jingina da jikin motar, tocila a kashe, yana tunanin yadda zai gaya wa Sa'adiya.

Sai ga Baba Ashafa tafe a hankali, hannu ɗaya yana bin katanga, leɓɓansa suna motsi kamar mai ƙirga taku. Zakiru ya yi niyyar gaishe shi, amma tsohon ya wuce ta gabansa, har gefen rigarsa ya goge shi, bai ko juyo ba. Ya laluba ƙofa ya buɗe, ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari, ya zaro wani ɗan abu. Abin ya suɓuce, ya gangaro ya tsaya daidai takalmin Zakiru. Fis ɗin da ke kai wa hita wuta ne, ja, ga shi ɓaro-ɓaro a hasken fitilar haraba.

Tsohon ya durƙusa yana shafa ƙasa da tafukansa biyu. Ya ɗago, fuskarsa saitin ta Zakiru, taku biyu tsakaninsu.

"Da wani a nan?" ya tambaya a tsorace.

Zakiru ya dubi fis ɗin. Saura minti ashirin ƙarfe shida ta buga, kuma yanzu ya san cewa in babu rana, Baba Ashafa ba ya gani, shi ya sa yake zare fis ɗin sai gari ya yi haske ya mayar.