Dodannin Ladan

"Kawo hari mana, matsoraci!" Ladan Aminullahi ya daka wa wayarsa tsawa.

Dodannin da ya tara a wasan yaƙi na cikin wayar duk 'yan hari ne, babu mai tsaro ko ɗaya. Kafin shayi ya huce yake gamawa da kowa a Dundaye. Amma wannan baƙon da ya haɗu da shi a intanet sai kare kai yake yi, yana jan lokaci.

La'asar ta yi. Dole Aminullahi ya ajiye waya ya ruga kiran salla, aka ba baƙo nasara.

Yana sauke hannu daga kunne sai ga Liman ya shigo a natse, yana zura waya a aljihu.

"Malam Aminu, kiran ga ya yi daɗi. Gobe ma mu kara dab da La'asar."